Da tsohuwar zuma ake magani

Duk ɗan kasuwar da ya daɗe da buɗe shago ya san akwai wani lungu can ƙurya inda ake jibge kayan da suka ƙi tafiya. Ba ruɓewa suka yi ba, ba kuma jabu ba ne. Kasuwarsu ce ba ta ci ba ranar da aka kawo su. Wata rana sai baƙo ya shigo yana cigiyar abin da ya gagara samuwa a gari, mai shago ya tuna da lungun nan, ya kaɗe ƙura, ya sayar da daraja. A shekarun nan masanan magunguna na duniya sun koma irin wannan lungu nasu suna tone-tone, kuma ba don marmari ba. Magungunan kashe ƙwayoyin cuta, waɗanda ake kira antibiyotik, suna ta dakushewa ɗaya bayan ɗaya, sababbi kuwa ba su fitowa yadda ake bukata.

Lissafin da mujallar likitoci ta Ingila, The Lancet, ta buga a farkon 2022 ya nuna cewa a shekarar 2019 kaɗai mutum miliyon 1 da dubu 270 suka mutu a duniya saboda ƙwayar cutar da ta kama su ta daina jin magani. Wannan adadi ya fi na waɗanda sida ta kashe a shekarar, ya kuma fi na zazzaɓin cizon sauro. In aka auna da yawan jama'a, babu yankin da abin ya fi yi wa ɓarna kamar Afirka ta Yamma, inda aka ƙiyasta mutum 27 cikin kowane dubu 100.

Yadda ƙwayar cuta take koyon gardama ba baƙon abu ba ne ga manomin da ya taɓa zuba wa rumbun wake maganin ƙwari. Shekarar fari ƙwarin su mutu kusan duka, ƴan kaɗan masu taurin rai su tsira, su hayayyafa, jikokinsu su gaji taurin. Bayan ƴan shekaru sai a zuba magani, ƙwaro na yawo bisa kansa. Haka take a jikin ɗan Adam. Ƙwayoyin cuta miliyoyi ne cikin huhu ɗaya ko hanji ɗaya, kuma a cikinsu ba a rasa wadda aka haifa da wani ɗan bambanci da ya zame mata garkuwa. In maganin ya yi kaɗan, ko aka tsaya rabin hanya, raunanan ne suke mutuwa su bar wa mai garkuwar fili. Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin, ya yi wannan kashedi tun 1945 cikin jawabinsa na karɓar kyautar Nobel. An tafa mashi, aka ci gaba da abin da ake yi.

Mai karatu na iya tambaya, to mi ya hana a ƙera sababbi? Amsar tana cikin littafin ciniki. Sabon magani yakan ci shekara 10 zuwa 15 kamin ya kai farmasi, da kuɗi masu nauyin gaske. Maganin hawan jini ko na ciwon sukari, mai ciwo zai sha shi iyakar rayuwarsa; antibiyotik kuwa kwana bakwai ne ko goma, a sallami juna. Daɗin daɗawa, in sabon ya fito da kyau, likitoci adana shi suke yi, ba su taɓa shi sai ranar da komi ya gaza, kuma daidai suka yi. Wani kamfanin Amurka mai suna Achaogen ya samu izinin sayar da sabon antibiyotik ɗinsa a 2018. Cinikin shekarar bai kai dalar Amurka miliyon ɗaya ba, a watan Afirilu na 2019 ya karye. Manyan kamfanoni da dama sun riga sun tattara nasu sun bar sana'ar. Shi ya sa ido ya koma bisa tsofaffin magunguna, domin an san illarsu, an san yadda jiki yake ɗaukarsu, takardar mallakarsu ta ƙare, farashinsu ya faɗi.

Babu labarin da ya fi bayyana wannan hanya, da zaƙinta da ɗacinta, kamar na wani jan magani mai suna kulofazimin. Labari ne da ya taso daga Turai, ya yada zango a kudancin Najeriya da Bangaladash, sa'an nan ya biyo ta ƙasar Nijar.

A shekarun 1940 tarin huka yana cin mutane ƙwarai a ƙasar Ayilan, maƙwabciyar Ingila. Aka ɗora wa wani masanin haɗa magunguna, Vincent Barry, da abokan aikinsa a birnin Dublin nauyin neman makarinsa. Suka fara daga wani sinadari da ake samu cikin gansakukar duwatsu, suna sauya shi kaɗan-kaɗan, suna ba kowane sabon haɗi lamba. A 1954 suka kai ga mai lamba B663, wani jan gari mai kama da rini, kuma a 1957 suka sanar da duniya. A jikin ɓeraye ya yi wa ƙwayar tarin kaca-kaca. Da aka gwada shi ga ɓeran Masar da birai, sai ya ba da kunya. A lokacin kuma izoniyazid, wanda ya fito a 1952, ya riga ya kama kasuwa, yana da arha, yana aiki. Wa zai tsaya ɓata lokaci da jan garin da ya kasa warkar da biri? Aka mai da shi lungu.

Sai dai ƙwayar tarin huka da ƙwayar kuturta ƴan ɗaki ɗaya ne, dangi ne na kusa, abin da ya taɓa ɗaya ba wuya ya taɓa ɗayar. A garin Uzuakoli, cikin jihar Abiya ta yanzu a kudu maso gabashin Najeriya, akwai babban gidan jinyar kutare inda wani likita Ba'ingile, Stanley Browne, yake jagorancin bincike. Shi da abokin aikinsa Hogerzeil suka gwada B663 ga masu kuturta, kuma a 1962 suka ba da rahoto cewa yana aiki. A 1969 kamfanin Geigy na Suwis ya fito da shi kasuwa da sunan Lamprene. Ashe an zo a kan gaɓa, domin dafson, maganin da aka dogara da shi shi kaɗai wajen kuturta, ya fara gazawa, ta hanyar nan dai ta ƙwaron wake. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ba da shawara a daina ba da magani guda, a haɗa uku: dafson, rifamfisin da kulofazimin. Tun 1995 kyauta ake ba da wannan haɗi ko'ina cikin duniya, kuma tun 2000 kamfanin Novartis, magajin Geigy, yake ba da shi sadaka ta hannun OMS. Miliyoyin mutane sun warke. Maganin da aka ƙera don tari ya zama maganin kutare, har aka manta asalinsa.

Ana nan, tarin huka shi ma ya koyi gardama. Tari na yau da kullum wata shida ake jinyarsa da magani huɗu, kuma ginshiƙan ɗakin biyu ne, izoniyazid da rifamfisin. In ƙwayar ta bijire wa waɗannan biyun tare, an shiga wata duniya. Jinyar da aka sani a shekarun 2000 takan ɗauki wata 20 zuwa shekara biyu, da allura kullum har wajen wata takwas, da dubban ƙwayoyin haɗiya masu sa amai, masu taɓa ƙoda, wasu har da taɓa hankali. Bayan duk wannan wahala, wajen rabin masu ciwon ne kawai suke warkewa. Kuɗinta kuwa ya fi ƙarfin baitulmalin ƙasashe matalauta, don haka a wurare da yawa mai irin wannan tari gida yake komawa ya jira kwanansa, yana tari cikin ɗaki ɗaya da matarsa da ƴaƴansa.

A Bangaladash akwai wata ƙungiyar ƙasar Beljik, Action Damien, wadda ta ci sunan wani fada da ya ƙare rayuwarsa cikin hidimar kutare a tsibirin Molokai, ya rasu a 1889. Ƙungiyar tana jinyar kuturta da tarin huka duka biyu, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne cikin labarin: ma'aikatanta sun san kulofazimin kamar yunwar cikinsu, a lokacin da manyan masanan tari suka daɗe da shafe shi daga lissafi. Daga 1997 zuwa 2007, ƙarƙashin jagorancin wani likita mai suna Armand Van Deun, suka gwada haɗi shida bi da bi, suna cire wannan suna sa wancan, suna rubuta sakamakon kowane mai ciwo. Haɗin ƙarshe magani bakwai ne, kuma babu sabon ƙira ko ɗaya a cikinsu da aka yi don wannan aiki. Akwai kulofazimin na kutare, akwai gatifuloksasin da aka ƙera don ciwon huhu da na mafitsara, sauran kuwa tsofaffin magungunan tari ne. Cikin mutum 206 da suka sha shi, wajen kashi 88 bisa 100 suka warke ba tare da ciwon ya komo ba, kuma cikin wata tara.

Da aka buga wannan a 2010, masana da yawa suka ɗaga gira. Shakkarsu kuwa ba ta banza ba ce. Ƙasa ɗaya ce, ƙungiya ɗaya ce, ba a raba masu ciwon gida biyu da ƙuri'a an gwada sabon haɗi da tsohon kafaɗa da kafaɗa ba, kamar yadda ƙa'idar bincike ta tanada. Ana bukatar a ga abin ya maimaitu a wata ƙasa, cikin wasu mutane, da wani abinci da wani yanayi.

Nijar tana cikin ƙasashen fari da suka ba da wannan amsa. Tun watan Yuli na 2008, kamin ma a buga sakamakon Bangaladash, hukumar yaƙi da tarin huka ta ƙasa tare da Action Damien, da likita Alberto Piubello a kan aikin, suka fara ba da haɗin nan, sai dai sun ja shi zuwa wata 12 don kaffa-kaffa. Zuwa Disamba na 2010 mutum 65 suka shiga jinyar. Mutum 58 suka warke, wato kashi 89 bisa 100; shida suka rasu, ɗaya ya bar jinya. Aka bi sawun waɗanda suka warke, kuma cikin 49 da aka sake aunawa bayan shekara biyu, babu ko ɗaya da ciwon ya komo wa. An buga wannan a 2014.

Mutum 65 ba taron kirki ba ne ga mai ƙidayar miliyoyi, amma ya kamata a tsaya a dubi abin da yake bayan lambar. Cikin mutum 65, ɗaya tak ya gudu. Duk wanda ya taɓa jinyar ɗan'uwa ya san abin da ake nufi da mutum ya bar gonarsa ko rumfarsa, ya riƙa zuwa gidan likita kowace safiya ana soka mashi allura wata huɗu ko fiye, yana haɗiyar tulin ƙwayoyi gaban idon ma'aikaci, yana amai, gobe ya komo. Ƙarfin maganin kaɗai ba ya yin wannan. Akwai ma'aikatan jinya da suka san sunan kowa da ƙofar gidansa, akwai mai duba majina wata bayan wata, akwai mai ajiya da bai bari magani ya yanke ba. Tsohuwar zuma ta yi magani, amma sai da aka samu masu auna ta da cokali kullum. Da tafiya ta yi tafiya, aka samu wuraren jinyar irin wannan tari a Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa.

Kamaru ma ta gwada ta samu kusan haka. Daga 2013 zuwa 2015 ƙasashe tara na Afirka masu aiki da Faransanci, har da Nijar, Benin, Burkina Faso da Kodibuwar, suka bi mutum 1006 da haɗin wata tara, wajen kashi 82 bisa 100 suka samu lafiya. A watan Mayu na 2016 OMS ta amince da gajeriyar jinyar, kuma babban gwajin kafaɗa da kafaɗa da aka buga a 2019 ya nuna ba ta gaza doguwar ba. An saba ganin ilimin likita yana gangarowa daga Turai. Wannan karon daga ƙananan asibitocin Bangaladash da na Sahel ya hau zuwa Janiba.

Amma fa ba a samu wannan a ɓagas ba. Cikin mutum 65 na Nijar, ɗaya cikin huɗu ya sha fama da amai, ɗaya cikin biyar kuma jinsa ya ragu, aikin allurar kanamisin. Wanda ya warke daga tari ya koma kasuwa bai jin abin da mai saye yake faɗi, ya san ya biya farashi.

Akwai kuma wani ɓangare na labarin da ɗan kasuwa zai fi kowa ganewa. Gatifuloksasin, wanda shi ne kashin bayan haɗin, ya shiga kasuwar Amurka a 1999. A 2006 wani bincike a Kanada ya nuna yana rikita sukarin jinin tsofaffi, kamfanin da yake sayar da shi ya janye shi, a 2011 Indiya ma ta hana shi. Hukuncin yana da hujja ga tsohon da aka ba shi don ciwon mafitsara, alhali akwai wasu magunguna goma da za su yi mashi aiki. Ga saurayin da tari mai gardama yake cinye wa huhu, lissafin daban ne. Amma wa ya tambaye shi? Masu tarin nan ba su da yawan da zai riƙe masana'anta, ba su da kuɗin da zai sa a saurare su. Samun maganin mai inganci ya gagara, dole aka koma ga ɗan'uwansa moksifuloksasin, ko da yake Van Deun da abokan aikinsa sun nuna daga baya cewa na farkon ya fi hana ƙwayar bijirewa. Shi kansa kulofazimin, takardar izininsa ta kuturta ce, don haka shekaru da dama masu jinyar tari suna shan wahala kamin su same shi.

Nan ne raunin wannan hanya yake. Arhar tsohon magani ita ce albarkarsa, ita ce kuma maraicinsa. Sabon magani yana da uba, kamfani mai takardar mallaka, wanda zai biya kuɗin gwaji, ya cika takardu, ya aika wakilai su bi likitoci ofis-ofis. Tsohon magani kayan gado ne da ba a raba ba: kowa na iya ƙera shi, don haka babu wanda zai zuba dukiyarsa ya tabbatar da sabon amfaninsa, maƙwabcinsa ya kwashi riba. In ba gwamnatoci da jami'o'i da ƙungiyoyin agaji suka ɗauki nauyin ba, maganin yana iya kwana shekara 40 cikin lungu, mutane na mutuwa a bakin ƙofa. Tsakanin 1957 da 2010 shekara 53 ce.

Jinyar tari mai gardama ta ci gaba da sauyawa. A 2018 OMS ta sauke allurar kanamisin. Bedakilin, wanda ya samu izini a ƙarshen 2012, shi ne sabon jinsin maganin tari na farko cikin shekara 40, kuma a 2022 aka amince da jinyar wata shida ta haɗiya zalla, da magani huɗu. Biyu cikin huɗun sababbi ne. Sauran biyun aro ne. Ɗaya moksifuloksasin, ɗaya linezolid, wanda ya fito a 2000 don cututtukan fata da na huhu, yana kuma da tasa illar, mutuwar jijiyoyin ƙafa da ƙarancin jini. A 2024 OMS ta ƙara wani haɗin na wata shida wanda kulofazimin yake ciki, ga shi nan dai yana aiki shekara 70 bayan haifuwarsa. Duk da haka, cikin mutum wajen dubu 400 da irin wannan tari ya kama a duniya a 2023, waɗanda suka samu jinya ba su kai rabi ba.

Ba tari kaɗai ake yi wa wannan tone-tone ba. Fosfomisin, wanda aka gano a 1969 cikin ƙasar da aka ɗebo a Sifaniya, ya daɗe ana yi mashi kallon maganin ciwon fitsari. A 2023 wata ƙungiya da OMS ta sa hannu wajen kafa ta, GARDP, ta fara gwada shi a Afirka ta Kudu da Kenya tare da wasu tsofaffi biyu, don jarirai sababbin haifuwa da cuta ta shiga jininsu ta ƙi jin maganin da aka saba.

Wasu masanan sun ma wuce nan, suna duba magungunan da ba su da alaƙa da ƙwayoyin cuta ko kaɗan. A 2018 masu bincike a Heidelberg ta Jamus suka gwada magani fiye da dubu bisa ƙwayoyin hanji iri 40, suka tarar kusan kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda aka ƙera don wasu ciwuka dabam suna hana wata ƙwaya girma. Akwai maganin sanyin gaɓoɓi mai zinariya a cikinsa, auranofin, da yake kashe ƙwayoyi masu taurin kai a ɗakin bincike. A 2020 masanan wata jami'ar Amurka, MIT, suka sa kwamfuta ta tace dubban magunguna, ta zaƙulo wani da aka taɓa nema don ciwon sukari aka watsar, ya kuma warkar da ɓeraye. Jaridu sun yi ta yayata waɗannan labarai, kuma suna da daɗin ji. Sai dai mai karatu ya tuna da Dublin: B663 ma ya warkar da ɓeraye. Sau da yawa yawan maganin da yake kashe ƙwayar cikin kwalba ya ninka abin da jikin mutum zai iya ɗauka, kuma tsakanin kwalba da gadon asibiti akwai tafiyar shekaru. Wanda ya ji wannan ya je ya sayi maganin sanyi don ƙurjin da ya ƙi warkewa, ya cuci kansa.

Lungun nan kuma ba rijiya ba ce mai ɓuɓɓuga. Abin da aka ɗiba ya tafi. Kolistin shaida ne. An gano shi a Japan a ƙarshen shekarun 1940, aka yi aiki da shi, a shekarun 1970 aka ajiye shi saboda yana ɓata ƙoda. Da sauran magunguna suka fara gazawa a manyan asibitoci, likitoci suka komo gare shi a matsayin makamin ƙarshe. Ashe duk shekarun da mutane suka ƙyale shi, masu kiwo suna ta zuba shi cikin abincin aladu da kaji don su yi saurin ƙiba. A ƙarshen 2015 masana a ƙasar Sin suka gano wata garkuwa daga kolistin cikin ƙwayoyin hanjin aladu, mai iya tsallakawa daga wannan jinsin ƙwaya zuwa wancan, kuma ba a jima ba aka gan ta a ƙasashe da dama. Sin ta hana sa shi cikin abincin dabbobi don ƙiba a 2017, Indiya ta bi baya a 2019. An rufe ƙofa bayan ɓarawo ya fita.

In aka jera waɗannan labarai biyu, za a ga abin da ya tsirar da kulofazimin: bai taɓa hawa faifan talla ba. Shekaru da shekaru ta hannun ma'aikatan kuturta kaɗai yake fita, a ƙidaye, tare da abokan haɗinsa, ga wanda aka auna aka tabbatar. Launinsa ma ya taimaka, domin ba mai shan abin da zai rina shi don marmari. Dangin moksifuloksasin ba su yi wannan sa'a ba. Ɗan'uwansu siprofuloksasin yana nan a tashoshin mota da bakin kasuwanni, tare da kafso ja da rawaya, rana na dukansu, ana sayar da biyu ko uku gwargwadon abin da yake aljihu, ba ordonansi. Mai tarin da ya yi sati uku ya sayi ƴan ƙwayoyi, ya ji sauƙi kwana biyu, ya yi murna. In tarin huka ne, abin da ya yi shi ne ya jinkirta gano ciwon, ya kuma ba ƙwayar damar sabawa da dukan dangin maganin da za a nemi cetonsa da shi gobe. Mai tallan ba mugu ba ne, abincinsa yake nema, kuma sau da yawa shi ne farmasin da ya fi kusa da talaka. Amma katon-katon ɗin da yake sara ba daga sama suka faɗo ba. Akwai babban ɗan kasuwa da ya yi odarsu, akwai iyakar da suka ƙetare, akwai teburin da takardarsu ta bi ta kansa.

Ita ma ƙwayar ba barci take yi ba. A 2014 masu bincike suka gano cewa ƙwayar tari tana iya buɗe wata ƴar kafa da take amayar da magani waje, kuma kafar nan ɗaya tana fitar da kulofazimin da bedakilin duka. Ma'ana, in aka yi sakaci da tsohon, ana iya rasa sabon tare da shi.

Saura maganar launi, wadda likitoci suke ɗauka ƙarama, masu ciwo kuwa ba su ɗauke ta haka ba. Kulofazimin rini ne mai son kitse. Yana taruwa cikin fata, ya mai da ita ja-ja, sa'an nan ta yi duhu, ta bushe, wani lokaci har gumi da hawaye su sauya. Maƙwabta su fara raɗa, wasu su ce sida ce, wasu su ce kuturta, a janye kwanon abinci, a ɗage maganar aure. An san masu ciwon da suka bar jinya saboda wannan kaɗai, ga kuwa ƙwayar tana jiran haka. Maigidan da yaron shagonsa ya sauya launi, ko shugaban ofis da ya ga haka ga ma'aikacinsa, ya sani alamar mai shan maganinsa ce, kuma wanda jinyarsa ta kama hanya ya fi wanda yake tari ba a auna shi ba aminci wurin zama tare. Launin ba ya dawwama. Bayan an gama jinya yana washewa a hankali, cikin watanni, wani har shekara ko fiye. Tarin da ya wuce sati biyu kuwa majinarsa ake kaiwa gidan likita. Akwai na'urar da take faɗa cikin awa biyu ko tarin huka ne, ko kuma ƙwayar ta bijire wa rifamfisin, kuma maganin tarin huka kyauta ne a Nijar.